Algaitar Zazzau a kunnen mutumin Damagaram

Wanda ya taso daga Damagaram zuwa Zariya ba ya ɗaukar kansa mai doguwar tafiya. Mota ce zuwa Kano, wata kuma ta sauke ka a Zariya. Harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Amma baƙunta ba ruwanta da kusancin hanya. Karatun zaure ya kawo ni cikin birni, ina kuma taɓa ɗinki a Tudun Wada don abin kaiwa baki, kuma da na buɗe baki sai a ce, "Malam, daga Nijar kake ko?" Wasu har Buzu suke kirana. Naira ta daɗe ba ta zauna mini a ka ba, sai na juya ta zuwa sefa a zuci kafin in gane ko an tsuga mini kuɗi. Daminar nan kuwa ta ninka tamu, ga sauro.

Dattijon da nake haya a gidansa, wanda nake kira Baba, shi ya lura ba na fita. Ranar Hawan Daushe ya leƙo ya ce, "Ɗana, tashi mu je ƙofar fada. Zaman ɗaki ba ya maganin kewa."

A can na tsaya dab da wani mai algaita, har ina ganin gumi na bin wuyansa. Ya danna faifan ƙarfen nan a leɓe, kumatunsa sun kumbura tim, yatsunsa na yawo a kan ramukan. Iskar da ya tara a kumatu yake turawa yayin da yake shaƙar wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa ko kaɗan, sai dai ya hau, ya karkace, ya sauko kamar mai kuka da ya ƙi tsayawa ya numfasa. Can sai kakaki ya keta, wanda ba a busa wa kowa sai sarki, tambura suka amsa daga ƙasa. Tsigar jikina ta tashi. Wannan sautin na sani tun ina yaro, lokacin da mahaifina ke ɗora ni a kafaɗa a gaban fadar Sarkin Damagaram.

Sai dai abin da ya fi sosa mini rai ba kamar da suka yi ba ne. Kayan busan namu ne, amma taken ba namu ba ne. Duk wanda ke kusa da ni ya san wa ake yi wa, tun kafin dokin ya bayyana an fara jinjina, ni kaɗai nake jin daɗin sautin ban san me yake faɗa ba. Baba ya ga haka, sai ya riƙa raɗa mini a kunne: wannan tawagar wane ce, wancan gidan kaza ne. Daga bakinsa na fara sanin cewa sarautar Zazzau tana tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma Sarki Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau a 2020 bayan rasuwar Shehu Idris, daga gidan Mallawa ya fito. Ta kunne na fara shiga garin nan kafin in san lungunansa.

Duk da haka, in aka ce in zaɓi abin da ya fi ratsa ni a Zariya, ba algaita zan ɗauka ba. Murya ce tsurarta, ba ganga ba kalangu. Akwai wani makaho da ke biyowa ta layinmu da hantsi, hannunsa a kafaɗar ɗan jagora, yana rera baitocin Imfiraji, yaron yana karɓa masa. Muryar ta dushe, wani lokaci ma takan karye a tsakiyar baiti, amma idan ya kai wurin begen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ka ji kekunan ɗinki sun yi shiru ɗaya bayan ɗaya. A gida na sha jin waɗannan baitoci, ban taɓa sanin nan ne mahaifarsu ba. Aliyu Namangi, wanda ya tsara su, mutumin Zazzau ne, shi ma makaho, ya rasu a 1990, kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Ina sauraren waƙoƙin zamani da ake haɗawa da kwamfuta, wasu ma suna da daɗi ƙwarai, amma muryar da aka goge ta tas ba ta taɓa sa ni hawaye ba.

Na san ƙimar wannan murya sosai a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris na 2024. A cikin wannan tsakanin Inna ta kwanta rashin lafiya, ni kuma ba halin zuwa. Rannan na tare makahon na gaishe shi, na ce, "Baba Malam, ka yarda in ɗauki muryarka a waya? Mahaifiyata ce ba lafiya." Ya tambayi sunanta, ya yi mata addu'a, sannan ya gyara tsayuwa ya rera a hankali fiye da yadda ya saba. Na tura wa ƙanwata ta WhatsApp. Ta ce Inna ta sa an yi ta maimaita mata har cajin wayar ya ƙare.

Allah ya ba ta sauƙi, na kuma je na gan ta bayan an buɗe hanya. Yanzu na sayi littafin waƙoƙin, bayan sallar isha'i ina karanta wa Baba, shi kuma yana gyara mini karin, don ya ce har yanzu ina jan ƙarshen baiti irin na mutanen Damagaram.