Tsara bayanan tuntuɓa da CSS ba tare da an ɓata amfaninsu ba

Duk wanda ya buɗe sashen tuntuɓa a shafin intanet da buƙata ya zo, ko dai yana so ya kira lambar waya, ko ya kwafi adireshin imel, ko kuma ya gano inda ofis yake. Saboda haka ba da kyan gani kaɗai nake auna wannan sashe ba. Abin da nake dubawa shi ne ko ana iya latsa lambar, ko ana iya kwafar adireshin ya fito daidai, ko kuma manhajar da ke karanta wa makafi allo za ta iya furta shi bi da bi. An ƙirƙiri CSS, harshen da ake tsara kamannin shafin intanet da shi, ne domin a raba kamannin shafi da abin da ya ƙunsa, tun daga shawarar da Håkon Wium Lie ya gabatar a 1994 har zuwa matakin farko da hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta amince da shi a Disamban 1996, kuma a ganina babu inda wannan rabuwa ta fi amfani kamar a nan.

Aikin yana farawa ne daga HTML, harshen da ake rubuta abin da shafi ya ƙunsa da shi. Akwai alamar address wadda aka tanada domin bayanan tuntuɓar mai shafi ko marubucin maƙala, ba domin kowane adireshi da ya faɗo cikin rubutu ba. A cikinta ana iya sanya jerin dl, inda dt zai ɗauki suna kamar "Waya" ko "Imel", dd kuma ya ɗauki bayanin kansa. Burauza tana nuna address da rubutun tsutsa, tana kuma tura dd ciki da pikisel 40, amma font-style: normal da margin: 0 sun isa su kawar da duka biyun.

Kafin 2017, lokacin da Chrome da Firefox da Safari suka fara karɓar tsarin grid na jera abubuwa a layuka da ginshiƙai, jera sunaye a hagu da bayanai a dama yana buƙatar jadawali ko dabarun float, wato tura abu gefen hagu ko dama, masu saurin rushewa. Yanzu layi uku sun wadatar: display: grid, sai grid-template-columns: max-content 1fr, sai gap domin tazara. Ginshiƙi na farko zai ɗauki faɗin suna mafi tsawo, na biyu kuma ya cinye sauran fili. Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Idan suna ɗaya yana da bayanai biyu, misali lambobin waya biyu a ƙarƙashin "Waya", lamba ta biyu za ta sauka a ginshiƙin sunaye, daga nan duk jerin ya karkace har ƙasa. Maganinsa shi ne a ba dt umarnin grid-column: 1, a ba dd umarnin grid-column: 2. A ƙaramin allo kuwa, sai a yi amfani da @media, umarnin da ke sauya tsari gwargwadon girman allo, a mayar da komai ginshiƙi ɗaya, tare da tuna janye wancan umarni na dd.

Lambar waya da adireshin imel suna buƙatar kulawa mai saɓanin juna. Bai kamata lamba ta karye gida biyu a ƙarshen layi ba, don haka white-space: nowrap ya dace da ita, kuma ba za ta yi tsawon da zai dami kowa ba, tunda ƙa'idar E.164 ta taƙaita lambar ƙasa da ƙasa ga alƙaluma 15. Imel kuwa yana iya yin tsawon da zai fita daga allon wayar hannu, shi ya sa overflow-wrap: anywhere ya fi dacewa da shi, domin yana karya layin ba tare da ƙara wata alamar da mai karatu zai ɗauka tana cikin adireshin ba. Mahaɗin tel, wanda ake latsawa a kira lamba, ya kamata ya fara da alamar + da lambar ƙasa, ko da abin da ake nunawa a allo an rarraba shi da tazara domin sauƙin karatu. Ƙa'idojin WCAG 2.2 na 2023, na sauƙaƙa amfani da shafi ga masu buƙata ta musamman, sun nemi wurin latsawa ya kai aƙalla pikisel 24 tsawo da faɗi, ko a bar isasshiyar tazara kewaye da shi, sun kuma ci gaba da neman bambancin launi na 4.5 bisa 1 tsakanin rubutu da bayansa. Ƙasan shafi, inda aka saba ajiye waɗannan bayanai da ƙananan haruffa masu launin toka, wuri ne da ake yawan karya wannan ƙa'ida ta launi.

Abin da na fi adawa da shi shi ne mayar da CSS wurin ajiye bayanin kansa. Wasu suna rubuta lambar waya cikin content na ::before, hanyar da CSS ke ƙara rubutu a gaban wani abu, alhali rubutun da aka samar ta wannan hanya yawanci ba ya zaɓuwa, balle a kwafe shi. Wasu kuma, domin guje wa manhajojin da ke tattara adireshi su aika saƙonnin banza, suna rubuta imel a juye, sannan su miƙe shi da direction: rtl da unicode-bidi: bidi-override. Ido zai ga adireshi daidai, amma wanda ya kwafa zai samu haruffa a juye, makaho kuma zai ji shirme. Idan har an bar mahaɗin mailto, wanda ake latsawa a aika imel, a wurin, adireshin yana nan ƙarara a cikin HTML ɗin shafin, ke nan an wahalar da mutane ne kawai ba a hana ɓarawo komai ba. Haka ma umarnin order, wanda ke sauya jerin da ido ke gani amma ba ya sauya jerin da maɓallin Tab ke bi. In ana so waya ta zo kafin imel, a sauya wurinsu a HTML.

Saura bugawa a takarda, wadda mutane ke yi wa shafin tuntuɓa fiye da yadda masu tsarawa ke zato. Mahaɗin da aka rubuta "Duba taswira" ba ya da amfani a takarda, amma a cikin @media print ana iya amfani da ::after tare da attr(href) a bayyana cikakken adireshinsa a gefensa. A nan ne kaɗai na yarda CSS ya ƙara rubutu, domin asalin bayanin yana nan a HTML, fito da shi kawai aka yi.