Takardar da Ta Fito Daga Gafakar Kaka

Bayan sadakar arba'in ta Baba, Baffa ya ce a fito da duk abin da ke ɗakinsa kafin a zauna rabon gado. Ni aka ɗora wa tsohuwar adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, wadda tun muna yara a gidanmu na unguwar Hausawa a Garwa ta ƙasar Kamaru ake hana mu taɓawa. Rasiɗan haraji na zamanin Faransa ne a sama, sai katin ɗan ƙasa na kakanmu, sai wata gafaka da fatarta ta bushe ta yi ƙarau. A cikin gafakar, tsakanin warƙoƙin wani littafin fiƙihu da gara ta ci gefensa, na ci karo da takarda guda, an ninke ta huɗu.

Ina buɗe ta Goggo ta dafe ƙirji ta ce, "Ita ce! Wasiƙar Lamiɗo ce." Duk mun tashi da wannan labarin: wai Lamiɗon Yola Zubairu ya rubuto wa kakan Baba, wanda bafatake ne daga Kano, ya ba shi izinin zama da fili a Garwa. Ba wanda ya taɓa ganin wasiƙar, amma ba wanda ya taɓa shakkarta.

A daren na yi kuskuren da har yau yake damuna. Takardar ta tsage a bakin ninki, sai na yanko salatef na manna ta baya. Niyyata da safe in kai ta shagon hoto a rufe ta da leda a gasa, yadda ake yi wa katin ɗan ƙasa. Allah ya taimake ni na fara biyawa wurin wani dattijon malami, abokin karatun Baba, wanda ya yi shekaru yana rubuta Alƙur'ani da hannu. Da ya juya ta ya ga salatef ɗin sai ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, wa ya yi wannan?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ne." Ya ce in bar shi yadda yake, kada in ɓamɓare da kaina, domin zai taho da fatar takardar har da tawada. Maganar leda kuwa ya ce in manta da ita: abin da aka gasa a leda ba ya fitowa, kuma ba mai iya ƙara jin kaurin takardar ko duba ta yadda ya kamata.

Bai fara da karatu ba. Ya wanke hannu ya bari ya bushe, ya fita bakin zaure, ya ɗaga takardar saitin hasken rana ya ce in matso. A cikin jikinta, ba a kanta ba, na ga siraran layuka jere kamar haƙarƙari, sannan ga jinjirin wata guda uku, babba da matsakaici da ƙarami. Raina ya ba ni alamar sarauta ce. Malam ya ce alamar masu yin takardar ce. Irinta a Italiya ake yi, fatake su ɗauko ta daga Tarabulus su keto Sahara da ita zuwa Kano da Barno, kuma littattafan malamanmu na dā masu yawa a kanta aka rubuta su. Ya shafa rubutun da bayan yatsa, ya nuna mini yadda tawadar ta koma ruwan ƙasa, har ta ɗan huda zuwa baya a inda alƙalami ya jiƙa sosai. Haka tawadar bagaruwa take yi in ta daɗe. Ya nuna mini fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, yadda muka koya a allo, ba yadda littattafan Masar suke bugawa ba.

Sai ya karanta, a hankali, sau biyu. Ya ɗago ya ce, "Wannan ba daga fada ta fito ba." Babu hatimi a samanta, babu sunan sarki, babu kirarin da magatakardan fada ke buɗe wasiƙa da shi. Takardar shaida ce da Larabci mai sauƙi: kakan Baba ya amsa cewa ya karɓi turkuɗi da baƙaƙen riguna daga hannun wani attajirin Kano, zai kai su Ngaundare ya sayo hauren giwa, an ƙiyasta darajar kayan da kuɗin wuri, an sa shaidu biyu. Takardar bashi ce.

A layin ƙarshe akwai kalma ɗaya da ba ta da ma'ana, haruffa huɗu: shin, sin, ya, jim. Wannan shi ne ramzi, wato rubuta shekara da haruffa. Da na koma gida na nemo jadawalin lissafin haruffa a waya na haɗa, sai ya ba ni 373. Na kwana da zullumin ko jabu ce. Washegari Malam ya warware mini: jadawalin da na samo na mutanen gabas ne, mu kuwa lissafin ƙasashen Magrib, wato su Maroko, muka gada, inda shin take 1000, sin 300, ya 10, jim 3. Shekara ta 1313 ke nan bayan Hijira, wadda ta kama daga tsakiyar 1895 zuwa tsakiyar 1896. A lokacin Zubairu na kan gadon Yola, tunda ya hau a 1890 kuma sai a 1901 Turawan Ingila suka fitar da shi, shekarar da Jamusawa suka kama Garwa. Ina jin daga nan labarin gidanmu ya samo ƙafa: zamanin daidai ne, sai baki ya yi ta ƙara masa gishiri har bashi ya zama kyautar sarki.

Ban tsaya a kan bakin mutum ɗaya ba. Na ɗauki hotunanta gaba da baya, da wani a saitin haske, na aika wa wani malamin tarihi a Jami'ar Ngaundare ta hannun ɗan ƙanwata da ke karatu a can. Amsarsa ta rage mini zumuɗi, kuma ta yi mini amfani. Ya ce an ɗauki shekaru masu yawa ana yin takarda mai wata uku, saboda haka alamar kaɗai ba ta tsayar da shekara, kuma mai son yin jabu yana iya samun tsohuwar warƙa marar rubutu ya rubuta abin da ya so. Shekarar da aka rubuta ma ba hujja ba ce ita kaɗai. Ya kawo misalin azurfar nan mai kan Mariya Tariza da iyayenmu mata ke ajiyewa: 1780 ne a jikinta, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekarar fiye da ƙarni guda bayan haka. Abin da ya gamsar da shi a tamu shi ne babu abin da ya saɓa wa wani. Takarda da tawada da hannun rubutu sun dace da ramzin. An yi lissafi da kuɗin wuri, ba da kuɗin Jamus ko na Faransa ba. Hanyar Kano zuwa Ngaundare neman haure sananniya ce a wancan zamani. Sannan ta fito daga adakar gidan da sunan kakansu ke ciki, kuma ba wanda zai ɓata lokaci ya ƙirƙiro takardar da ke cewa ana bin kakansa bashi.

Kafin wannan lokaci labari ya zaga, har wani mai sayen kayan tarihi ya zo gida. Da ya ji ana cewa wasiƙar Lamiɗo ce ya yi tayin jaka ɗari biyu bai ko gan ta ba. Da na gaya masa gaskiyar abin da ke ciki ya sauko jaka goma sha biyar. Abin ya yi mini ciwo, amma na gane lissafinsa: masu saye hatimi suke nema, ko sunan da aka sani, ko Alƙur'ani mai zayyana. Tsufa kaɗai ba ya sa warƙa ɗaya ta yi tsada, tsaga da salatef kuma suna ƙara karya ta. Baffa ne ya rufe maganar. Ya ce takardar tana cikin gado, ba ni da ikon sayar da ita ni kaɗai, kuma malamin jami'ar ya riga ya ja kunnenmu cewa dokar Kamaru ta 2013 kan kayan tarihi ba ta yarda a fitar da irin wannan daga ƙasa ba tare da izini ba.

Abin da na fi daraja a cikinta mai sayen bai ko tambaya ba. An rubuta sunan kakan Baba da na mahaifinsa da na kakansa. Mu a bakinmu nasaba a kansa take tsayawa, yanzu mun ƙaru da mutum biyu da muke ambata a addu'a. Takardar tana kwance a buɗe, ba ninki, tsakanin farar takarda biyu masu kauri, a cikin kabad nesa da bango saboda danshin damina, kuma kowane gida a dangi ya karɓi hoto da fassarar Malam.

Goggo ce ta yi tambayar da ba wanda ya yi. Da aka karanta mata fassarar ba ta damu da Lamiɗo ba, cewa ta yi, "To ya biya kuwa?" Na koma wurin Malam da tambayar. Ya ce takardar bashi a hannun mai bin bashi take zama, ba ta komowa wurin wanda ake bi sai in ya sauke nauyin, tamu kuwa a gafakarsa aka same ta. Ya ce alama ce mai ƙarfi, amma bai kira ta tabbas ba. Goggo ta ce ita dai hankalinta ba zai kwanta a kan alama ba. Ranar Juma'ar da ta biyo ta sa aka dafa abinci aka raba wa almajirai, da niyyar ladan ya isa ga mutanen biyu, kakanmu da attajirin Kano.