Yini Ɗaya a Gidan Tarihin Patek Philippe

Taro ne ya kai ni Janiba, birnin da ke bakin tafki a ƙasar Suwizalan, amma tun daga Kano na ƙudurta cewa ba zan dawo ba sai na leƙa gidan tarihin agogo na Patek Philippe, domin mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ya shafe rayuwarsa yana gyaran agogo a kan wani ɗan teburi a bakin kasuwa, kuma a bakinsa na fara jin wannan suna.

Mai masaukina, wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ya daɗe yana aiki a can, shi ya raka ni unguwar Plainpalais ranar Asabar da hantsi. Kuɗin shiga faran 10 ne kacal na kuɗin Suwizalan, abin da ya ba ni mamaki a garin da na sha shayi kofi ɗaya a kan kuɗin da zai ciyar da mutum yini guda a gida. An karɓi jakata an kulle, aka ce ba a ɗaukar hoto. A ƙasan ginin na tarar da tsofaffin teburan aiki da kayan sana'a, ƙananan zarto da hantsaki da gilashin da ake maƙalawa a ido, kusan irin waɗanda na taso ina gani a aljihun teburin Baba, sai dai a nan an jera su cikin gilashi ana girmama su.

A saman bene aka baje tarihin. A 1839 wani ɗan gudun hijira daga Polan, Antoni Patek, ya kafa kamfanin tare da Franciszek Czapek. Daga baya ya haɗu da Bafaranshe Adrien Philippe, wanda ya fito da hanyar wana agogo da ɗan maɓallin da ke jikinsa, ba sai an nemo makulli ba, kuma a 1851 sunayensu biyu suka hau kan kamfanin. A shekarar ce Sarauniya Victoria ta sayi agogonsu a baje kolin Landan. Tun 1932 iyalan Stern ke riƙe da kamfanin, su ne kuma suka buɗe wannan gida a 2001.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban agogunan da maƙeran Janiba suka yi wa kasuwar Daular Usmaniyya, masu lambobi irin na Turkawa a fuska da zanen furanni a baya. Na kuma tsaya a gaban Calibre 89, agogon aljihu da aka ƙera a 1989 don cikar kamfanin shekara 150, wanda ke yin ayyuka 33, har da nuna taurari da fitowar rana da faɗuwarta, kuma duk wannan babu batir, sai zaren ƙarfe da haƙora. Mai masaukina ya dube ni ya ce, “Malam, ko dai a kawo maka tabarma ne?” Na ce masa da Baba yana raye, a nan zai yini.

Da muka fito na nufi titin Rhône, inda manyan shagunan suke. A wani shagon masu sayar da tsofaffin agoguna, mai tsaron ƙofa ya dubi babbar rigata sama da ƙasa, ya tambaye ni ko an ba ni lokaci, ya rufe ƙofa tun ban gama ba shi amsa ba. Abin ya sosa mini rai, domin a Kantin Kwari ko kallo ka zo yi sai an ba ka kujera da ruwa. A shago na gaba wata dattijuwa ta karɓe mu hannu bibbiyu, ita ce kuma ta fahimtar da ni abin da masu tara agogo ke biya. Ta ce kamfanin Patek Philippe yana da littattafan da yake rubuta kowane agogo da lambarsa tun farko, don haka mai saye zai iya neman takardar shaidar ranar da aka ƙera shi da ranar da aka sayar. Ta ƙara da cewa agogon da aka goge har ya yi ƙyalli darajarsa faɗuwa take yi, sun fi son shi da tabonsa. Wannan ya saɓa wa abin da na sani, domin mu mai sheƙi muke nema, musamman a kayan lefe.

Farashin kam ya wuce hankalina. Agogon da aka yi wa attajirin Amurka Henry Graves a 1933 an sayar da shi a gwanjo a 2014 a kan faran miliyan 23 da ɗoriya, sannan a 2019 wani agogon kamfanin na ƙarfe mai suna Grandmaster Chime ya kai miliyan 31 a gwanjon taimakon marasa lafiya. Ina girmama hannun da ya yi aikin, amma ban yarda a sayi agogo a kulle shi a banki ba a taɓa wana shi ba, kuma dattijuwar ba ta musa mini ba.

Cinikina a kasuwar gwanjo ta filin Plainpalais na yi shi. Wani tsoho ya sa wa agogon hannu mara suna faran 120, na taya 60, ya yi dariya ya kanga mini shi a kunne don in ji bugunsa, muka daidaita a 80, ya ɗora mini gilashin ido na masu gyara.

Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa La Chaux-de-Fonds, garin maƙeran agogo a kan duwatsu, amma sanyi da ruwan sama suka koro ni da wuri. Na biyo ta Istanbul na dawo. Gilashin na kai wa yaron da ya gaji teburin Baba, ya buɗe bayan agogon a gabana, ya ce mai kawai yake bukata.