Abin da Gawo Ya Koya Mini Game da Karatun Hoto da Baiti

Ƙannena, tun da wayar hannu ta shigo ƙauyuka nake ganin waɗansunku a dandali bayan la'asar, sun haɗa kai a kan wani hoto da aka turo musu tare da 'yan baitoci, ana cewa duk wanda ya warware su zai san inda aka binne wani abu mai daraja. Wannan wasa ya girme ku. Ni ma na taɓa shigarsa da ƙarfina ina ɗan shekara 22, a ƙauyenmu da ke ƙasar Birnin Kudu, kuma kurakuran da na tafka a lokacin har yau ina tuna su dalla-dalla. Ina so in shimfiɗa muku su, domin kuskuren da ya kayar da ni shi ne nake jin ƙamshinsa a cikin gardamarku.

Wasan ya yi suna ne a Ingila a 1979, lokacin da wani mai zane, Kit Williams, ya fitar da littafi mai suna Masquerade. Ya ƙera zomo na zinariya, ya binne shi, sannan ya ɓoye bayanin wurin a cikin zane 15 da labarin da ke tare da su, yadda mutum zai iya gano wurin yana zaune a ɗakinsa, ba sai ya fita ba sai ranar tono. Mutane sun yi ta haƙa a wuraren da suka ga sun yi kama da zanen, alhali shi hanya ɗaya tak ya shimfiɗa: a ja layi daga idon kowane mutum ko dabba da ke cikin zanen, ya bi ta yatsa mafi tsawo, ya sauka a kan wani harafi a rubutun da ya kewaye hoton. Haruffan suka haɗa jimla mai nuni ga inuwar wani ginshiƙi da aka kafa don tunawa da Catherine ta Aragon, wata sarauniyar Ingila ta zamanin da, da rana tsaka, a ranar da tsawon dare da na yini suke daidaita. Haruffan farko na kalmomin da kowane zane ya bayar kuma suka fitar da "Close by Ampthill", wato kusa da garin Ampthill, domin wanda ya bi hanya ya tabbatar bai ɓata ba. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, hanya da shaidar da ke tabbatar da ita, don a kansu maganata take.

Wanda ya shirya mana namu wani tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, wanda ya taɓa ganin littafin nan, dabarar ta burge shi. A hutun Disamba ya raba mana takarda da aka gurza a injin makaranta, mai zane huɗu da baiti huɗu. Ya binne gwangwanin madara da 'yar takarda a ciki, wanda ya kawo ta zai karɓi rediyo. A saman takardar ya rubuta ƙa'ida a fili: gwangwanin yana cikin iyakar ƙauye, ba ya cikin gonar kowa, ba ya maƙabarta, ba ya harabar masallaci, kuma zurfinsa bai wuce kamu ɗaya ba. Na karanta wannan ƙa'ida sau ɗaya, da gaggawa, ban sake waiwayarta ba.

Zane na farko saniya ce mai dogayen ƙaho, ta sunkuyar da kai tana cin wani abu a ƙasa. Ina ganinta zuciyata ta tafi ga zanen shanu na mutanen da, wanda ke jikin duwatsun Birnin Kudu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, domin an taɓa kai mu can muna 'yan makaranta. A daren nan kuma, da fitilar ƙwai a gabana, na lura cewa haruffan farko na baitocin huɗu sun ba da K, U, D, U. Daga wannan lokaci na daina karatu, na koma neman shaida ga hukuncin da na riga na yanke. Baitin da ya ambaci dattijo na ce dutse ne, tunda ba abin da ya kai dutse tsufa. Rijiyar da ke zane na biyu na ce kogo ne. Ƙa'idar da ta ce cikin iyakar ƙauye na ce ai dabarar Malam ce don ya ɓatar da masu gajeren tunani. Kwana tara ina hawa keke ina zuwa duwatsun nan, ina zagayawa ina duba ramuka, ina dawowa da magariba hannu rabbana, kuma kowace dawowa ƙara mini yaƙini take yi cewa saura ƙiris.

Abin da nake so ku gane shi ne, harafin da na gano gaskiya ne, Malam ne ya sa shi da gangan. Fassarar ce tawa, kuma na yi ta ne tun kafin in ga harafin. Zuciya idan ta kamu da wuri, komai ta gani sai ya yi mata kama da shi, domin kama abu ne mai arha: kowane dutse yana kama da wani dutse, kowace hanya mai lanƙwasa tana kama da wata. Ku da kuke da taswirar tauraron ɗan'adam a wayarku, haɗarin ya fi yawa a kanku, tunda cikin sa'a ɗaya za ku iya samun wurare goma da suka yi kama da hoton. Saboda haka kafin ku ce zane yana nufin kaza, ku ɗauki fensir ku rubuta abin da ke cikinsa tsurarsa, ba tare da fassara ba: dabbobi nawa, ina kowace take kallo, me take ci, wane lokaci ne na shekara, mene ne ya saɓa wa yadda aka saba gani. Idan kuma wata amsa ta zo muku, kada ku tsaya ƙirga abubuwan da suka dace da ita. Ku nemo abin da ta kasa bayyanawa. Amsar da ta bar rabin zane ba bayani, ko ta tilasta muku ku ce mai shiryawa ƙarya ya yi a ƙa'idarsa, ta riga ta faɗi ko da tana da daɗi a baki.

Na kuma ɗauka cewa zane na farko abokin baiti na farko ne, na biyu na biyu, haka har ƙarshe, don kawai haka aka jera su a takarda. Malam ya hautsina su ne. Ba shi ya fara ba: a littafin The Secret da Byron Preiss ya fitar a Amurka a 1982, zane 12 ne da baiti 12, kuma aikin farko shi ne gano wane zane ne na wane baiti. A cikin akwatuna 12 da ya binne, uku kaɗai aka tono, a Chicago a 1983, a Cleveland a 2004, sai Boston a 2019, shi kuwa ya mutu a haɗarin mota tun 2005. Jeri a takarda ba hujja ba ne sai an samu abin da ya ɗaure zanen da baitin.

Wanda ya fara buɗe mini ido ɗan kawuna ne, yaro ɗan shekara 14 da ke kiwon shanun gidansu, wanda ban taɓa tunanin nuna masa takardar ba saboda ina ganin karatunsa bai kai ba. Ya same ni a zaure na shimfiɗa ta a kan tabarma, ya leƙa zane na uku, ya ce, "Yaya, ai wannan gawo ne." Zanen bishiya ce ba ganye ko ɗaya, a ƙarƙashinta kuwa gero ya yi shar ya kai gwiwa. Ni na ɗauka busasshiyar bishiya ce, ko kuma Malam ya gaji bai ƙarasa zanen ba. Yaron ya ce duk dawa ba bishiyar da ke tsayawa tsirara da damina sai gawo, ya zubar da ganye idan ruwa ya sauka, ya mayar da shi da rani. Sannan ya ɗora yatsa a bakin saniyar nan da na kwana tara ina kallo, ya nuna mini 'ya'yan gawo masu murɗewa da take ci. Sai baitin ya tsaya a gabana kamar ban taɓa karanta shi ba:

Dattijo ya tuɓe riga ran da kowa ya sa tasa,
Ya mai da ita wuya ran da kowa ya tuɓe.

Abin da na ɗauka aibi ne a zanen, shi ne ƙofar. Mai shirya irin wannan wasa ba ya ɓata tawada a banza, kuma inda hoto ya yi abin da bai kamata ba, nan ya kamata ido ya daɗe. Na kuma koyi cewa ilimin da ake bukata ba lallai ya kasance a wurin wanda ya fi shekarun makaranta ba. Waɗanda suka warware littafin Ingila ta hanyarsa ta gaskiya malaman kimiyya ne su biyu da suka yi aiki tare, ko da yake wani ya riga su karɓar zomon a 1982, kuma a 1988 wata jarida ta bankaɗo cewa ta bayan fage ya sami labarin wurin. Ni na ɓoye takarduna don kada a riga ni, ɓoyon ya ci mini kwana tara.

Rijiyar da ke zane na biyu, mai hanya biyu da suka rabu a gabanta, ta nuna wane gawo ake nufi: babban nan da ke bakin burtali a gabashin ƙauye. Da na tsaya nan na koma kan takarda a natse, da na tsira. Amma zumuɗi ya ɗebe ni. Baiti na huɗu ya ce a tsaya a gindin dattijo da rana tsaka, a bi inuwa, harafin sadun ya ƙirga sawu. Na gane ramzi ne, irin wanda mawallafan waƙoƙinmu na ajami suke rufe waƙa da shi don su nuna shekara, inda kowane harafi yake da adadinsa. Na duba wani littafi bugun ƙasashen gabas, na ga sadun 90 ne. Ban san cewa lissafin iri biyu ne ba, kuma a lissafin magaribi da malamanmu na zaure suka gada, wanda Malam ya tashi a cikinsa, sadun 60 ne. Duk gardin da na tambaya a tsangayar unguwarmu zai faɗa mini haka ba tare da ya buɗe littafi ba.

Inuwar ma haka. Na je da rana tsaka a watan Disamba, na ga ta miƙe doguwa ta yi arewa, na bi ta. A Ingila inuwar tsakar rana arewa take yi duk shekara, amma a ƙasarmu ba haka ba ne. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu, inuwa ta gajarce ta kwanta kudu, sauran watanni kuma ta koma arewa. Zanen ya riga ya faɗi lokacin da ake nufi, tunda geron da ya kai gwiwa da gawon da ba ganye ba sa haɗuwa sai da damina. Haruffan baitocin kuma sun tabbatar: kudu. Shaidar da Malam ya ajiye don ta hana mutum ɓata, ita na fara ɗauka na tafi Birnin Kudu da ita, sannan da na dawo na watsar da ita gaba ɗaya don ta taɓa ba ni kunya.

Sawu 90 arewa da gawon ya sauke ni a tsakiyar gonar rogon wani dattijo. A nan ne ya kamata ƙa'idar da ke saman takarda ta tsayar da ni, amma na sa fartanya na haƙa rami uku, na sare saiwar rogo da dama kafin mai gonar ya iso. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi ramukan, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, da ka tambaye ni, da na faɗa maka ba wanda ya taɓa ƙasar nan sai ni." Maganar ta kai gaban mai unguwa, mahaifina ya biya ɓarnar, ni kuma na yi wa dattijon aikin kwana uku. Tawa ta zo da sauƙi. A Amurka, wani attajiri mai suna Forrest Fenn ya ɓoye akwati mai ɗauke da zinariya a tsaunukan Rocky, ya ba da waƙa mai alamu tara a 2010, ya kuma sha nanata cewa bai ajiye shi a wuri mai haɗari ba, domin yana dab da shekara 80 ya kai shi da ƙafarsa. Duk da haka mutum biyar sun mutu a wajen nema kafin a gano akwatin a jihar Wyoming a 2020. Idan fassararku ta kai ku gonar wani, ko bakin tsohuwar rijiya, ko cikin kogo, ko inda sai kun ɓoye wa iyayenku za ku je, ku koma kan takarda, domin alama ce cewa karatun ne ya karkace. Kada kuma ku ji kunyar jinkiri: a Faransa an fara neman wata mujiyar zinariya a 1993 da kacici-kacici 11, kowanne da zanensa, ba a kai gare ta ba sai Oktoban 2024.

Gwangwanin Malam wasu yara biyu ne suka tono shi kwana huɗu bayan abin da ya same ni, ɗan kawun nan nawa da wani almajiri abokinsa, sawu 60 kudu da gawo, a gefen burtali inda ba gonar kowa. Bayan an kwana biyu na je gaishe da Malam, na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai na ga kalmar kudu tun daren farko." Ya ce ya sani, an faɗa masa ana ganina kullum a hanyar Birnin Kudu, kuma bai aika a kira ni ba domin ƙa'idar tana hannuna a rubuce. Sannan ya ce in ruwa ya zauna in zo mu je wurin tare.

Muka je a farkon Yuli, ana cikin noman farko, gero ya kai gwiwa. Gawon yana tsaye ba ganye ko ɗaya. Muka jira a gindinsa har rana ta yi tsaka, Malam ya kafa sandarsa a ƙasa ya ce in duba. Inuwar sandar ba ta kai taƙi biyu ba, kuma ta kwanta ne ta ɓangaren burtali.