Hadda ta kayar da ni a kalkulas

Na shiga jami'a ina ji da kaina a lissafi. A sakandare in an ba ni x² aka ce in nemo saurin canjinsa (derivative), nan take zan rubuta 2x, ban taɓa tambayar dalili ba. Da muka shiga aji biyu, malam ya rubuta ma'anar iyaka (limit), wato lambar da amsa ke matsowa kusa da ita, ta hanyar wasu ƙananan tazara biyu, epsilon da delta, ya ce daga yau ba amsar da za a karɓa sai da hujja. Sai na koma ga abin da na saba, wato hadda. Na haddace hujjoji layi-layi. Ranar jarrabawa aka ɗan sauya tambaya, na zauna ina kallon takarda har aka karɓe.

Ƙannena, abin da ya ɓace mini shi ne wa ke fara magana. "Ga kowane epsilon, akwai delta." Wani ne ke miƙo maka epsilon, ya ce kada tazarar amsa da iyaka ta kai kaza. Bayan ya faɗi nasa, kai kuma ka nemo delta, wato kusancin da x zai yi don hakan ta tabbata. In 3x ne, x na matsowa kusa da 2, delta ɗinka epsilon ne a raba gida uku. Ni kuwa delta nake fara zaɓa, hujjar ta rushe tun daga tushe ban sani ba.

Na kuma yarda da ido fiye da kima. Na ɗauka 1 + 1/2 + 1/3 + … dole ya tsaya wani wuri, tunda lambobin ƙanƙancewa suke yi. Ashe 1/3 da 1/4 sun haura rabi, 1/5 zuwa 1/8 ma sun haura rabi, haka rabi-rabi ke taruwa ba iyaka.

Kada jinkirin fahimta ya karya muku gwiwa. Newton da Leibniz sun kafa kalkulas a ƙarni na 17, amma sai a ƙarni na 19 su Cauchy na Faransa da Weierstrass na Jamus suka daidaita masa tushe.

Abin da ya cece ni a karo na biyu shi ne rufe littafi in gwada hujjar da kaina. In na maƙale, layi ɗaya kawai nake leƙawa. Kowace ƙa'ida kuma sai in cire mata sharaɗi guda in ga inda za ta karye. Ku gwada da ƙa'idar Rolle, wadda ta ce in sharuɗɗanta sun cika, zanen da ya fara ya ƙare a tsayi ɗaya dole ya sami inda gangararsa sifiri ce a tsakani: ku ɗauki |x|, wato girman x ba tare da alamar ragi ba, daga −1 zuwa 1, ku nemo sharaɗin da ya faɗi a kan sifiri.