Abin da kaki ya koya min game da riƙe sojoji

Yawancin mutane in an ce ladabin soja abin da ke faɗo musu a rai shi ne tsallen kwaɗo da birgima cikin taɓo da kwanan gadurum. To ni dai da na sa kaki har na rataya igiya uku, na riƙe yara a bariki na riƙe su a daji, abin da idona ya gani ya wuce nan. Gwale-gwale yana da gurbinsa, a Defot ɗin Zariya da shi ake kakkaɓe wa kurtu son jikin gida har ya gane cewa in an ce tsaya to tsayawa ake, ba gardama. Amma ranar da wuta ta buɗe wallahi ba tsoron gadurum ke hana yaro yar da bindiga ya arce ba, yardarsa ce da wanda ke ba shi oda.

Akwai wani kyaftin da na yi aiki a ƙarƙashinsa, mutum ne mara yawan magana, ban taɓa jin ya zagi uwar wani ba. In abinci ya iso yana tsaye gefen tukunya har sai na ƙarshe a layi ya karɓa sannan ya miƙa kwanonsa, in ya ƙare ya ƙare, haka zai sha garin kwaki ya kwanta. Bayan doguwar tafiyar ƙasa sai ya sa kowa ya cire takalmi, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba ƙafa, wanda tasa ta yi bororo ya tura shi wajen mai magani tun kafin ta ruɓe. Ya san wanda matarsa ke da tsohon ciki, ya san wanda alawus ɗinsa ya maƙale, kuma shi da kansa yake bin takardar har kuɗin su fito. Amma fa kar ka ɗauka sanyi gare shi. Ranar da wani kofur ya karɓi na goro hannun direban motar hatsi a shinge, sawa ya yi ya mayar da kuɗin a gaban direban sannan ya yi masa caji, kuma kofur ɗin nan na hannun damansa ne. Ko mutum ɗaya bai yi gunaguni ba, don kowa ya san da shi ne ma haka za a yi masa, ba ƙari ba ragi.

Nan na gane hukunci ba ya kama jikin soja sai ya tabbata wanda ke hukunta shi ba ya cin haƙƙinsa. Ku duba abin da ya faru a Akure a 2008, sojojin da suka dawo daga aikin wanzar da zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya saboda kuɗinsu na alawus, aka yanke wa 27 ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta zuwa shekara 7. Ga kuma barikin Maimalari a Maiduguri, watan Mayun 2014, da aka kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna a hanyar dawowa daga yankin Chibok, sojoji suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7 wuta, kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, a Disambar 2015 aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Ni ba na goyon bayan bore ko kaɗan, sojan da ya juya bindiga kan ogansa ya karya rantsuwarsa kuma dole a hukunta shi. Sai dai irin wannan ba a dare ɗaya yake tsirowa ba, koke ne da aka daɗe ana dannewa, kuma duk hafsan da ke zama da yaransa zai ji ƙaurinsa tun da nisa.

Shi ya sa har yau in ana hira a bariki sunan Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ba ya ɓacewa, Allah ya jiƙansa. Yana cikin tankarsa a gaba lokacin da aka ƙwato Baga daga hannun Boko Haram a Fabrairun 2015, kuma a bakin daga ya rasu, a Malam Fatori, ranar 4 ga Nuwamban 2016. Wanda ya ga ogansa a gaba kunya ma ba za ta bar shi ya ja baya ba.

In da za a tambaye ni ta ina za a fara gyara, sai in ce a daina barin mutum shekara da shekaru a daji ba canji ba fas ɗin zuwa ganin iyali, don sojan da ya gaji har ƙashi shi ne ke faɗawa ƙwaya, shi ne ke huce haushinsa kan farar hula a kan hanya. Sannan a mayar wa saja da samanja ƙimarsu. Yaro ya fito daga NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshi, da anini a kafaɗa, ilimi kam yana da shi, amma samanja ne ya san wane soja ne ya daina barci, wane ne bashi ya sha kansa, wane ne ya fara yin shiru irin wanda ba na lafiya ba, kuma in hafsa ya saba kunyata shi a gaban yara to ba zai ƙara kawo masa irin wannan labarin ba.