Talata: Ranar da Aka Ɗauki Hoton Lakar Wuyana

Hoton ƙwaƙwalwata na bana bai bambanta da na bara ba, amma ƙafata ta dama ta bambanta ƙwarai. Tana jan ƙasa da zarar na yi 'yar tafiya, yatsun suna karo da bakin matakala, kuma idan yamma ta yi sai na sa hannu kafin in ɗaga ta zuwa kan gado. Wannan saɓani da ke tsakanin abin da na'ura ke nunawa da abin da jiki ke faɗa shi ne ya sa likitar jijiyoyi da ke duba ni ta rubuta a ɗauki hoton lakata, wato jijiyar nan babba da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, kuma yau da safe aka ɗauka. Ciwon da nake fama da shi, wanda likitoci ke kira MS a taƙaice, garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa rigar kitsen da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka, ta bar tabo nan da can. Likitan Faransa Charcot ya yi bayaninsa tun a 1868, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna cewa mutum kusan miliyan 2.8 ne ke ɗauke da shi a duniya.

Na saba da na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, amma hoton laka ya fi na ƙwaƙwalwa neman haƙuri. Ma'aikacin da ya kwantar da ni ya ce, "Malama, idan kin ji ƙarar ta fara, ki daure kada ki haɗiye yawu har sai ta tsaya." Babu abin da ke tara wa mutum yawu a baki irin a ce masa kada ya haɗiye. Sai dai dalilin a fili yake: faɗin laka a wuya bai kai santimita 1 da rabi ba, ruwan da ke kewaye da ita yana kai da komo tare da kowane bugun zuciya, numfashi yana girgiza ta, ƙashi kuma ya zagaye ta ta kowane ɓangare. Motsi kaɗan ya isa ya ɓoye tabo na gaske, ko ya haifar da inuwar da za a ɗauka tabo ce, shi ya sa ake ɗaukar hoton ta salo fiye da ɗaya domin wani ya gaskata wani.

Bayan azahar likitar ta buɗe hotunan a kwamfuta, ta juyo da allon yadda zan gani. Ta fara da ƙwaƙwalwa, inda babu sabon tabo, sannan ta ce an daɗe da lura cewa yawan tabon ƙwaƙwalwa ba ya tafiya daidai da girman nakasa. Akwai mai tabo birjik da ke tafiya garau, akwai mai 'yan ƙalilan da ke dogara sanda. Ta ce ƙwaƙwalwa tamkar gari ce mai lunguna da yawa, idan an toshe wani sai saƙo ya zagaya ta wani, ita kuwa laka gada ce guda ɗaya wadda duk saƙon da zai je hannuwa da ƙafafuwa da mafitsara dole ya ratsa ta kanta. Daga nan ta sauko zuwa wuya, ta nuna mini wani ɗan haske a gefen dama na lakar, a daidai inda jijiyoyin da ke ɗaukar umarnin motsi suke wucewa. Na tambaye ta me ya sa tabon dama ya taɓa ƙafar dama, alhali na san ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke juya ɓangaren dama na jiki. Ta ce waɗannan jijiyoyi suna tsallakawa ne a gindin ƙwaƙwalwa kafin su shigo laka, saboda haka duk abin da ya same su a wuya a gefensa yake bayyana. Ta ƙara da cewa likitocin asibitin Mayo da ke Amurka sun bayyana marasa lafiyar da tabo ɗaya tak a irin wannan wuri ya isa ya riƙa raunana su shekara da shekaru.

Siffar tabon ma magana ce. Nawa gajere ne, bai kai tsawon gaɓoɓin ƙashin baya biyu ba, kuma ya raɓe a gefe, haka kuwa na MS ya saba zama. Wanda ya miƙe ya kai gaɓoɓi uku ko fiye, ya mamaye tsakiyar lakar, yakan sa a yi zargin wani ciwo daban mai suna NMO, wanda tun 2004 aka gano alamarsa a cikin jini. Rarrabe su ba ƙaramin abu ba ne, domin wasu magungunan MS suna tsananta NMO. Wani amfanin hoton laka kuma shi ne, tsufa da hawan jini da ciwon ɓarin kai duk suna iya barin ɗigo-ɗigon fari a hoton ƙwaƙwalwa, amma da wuya su bar irinsu a laka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bai shafi tabo ba, ya shafi kauri. Laka tana sirancewa a hankali yayin da zaruruwan jijiya ke mutuwa, kuma wannan ba ya zuwa da wani tashin ciwo da mutum zai iya cewa ran kaza ya faru. A 1996 masu bincike a Landan suka auna faɗin laka a tsakanin gaɓa ta biyu da ta uku ta wuya, suka tarar yana tafiya da nakasa fiye da yadda tabon ƙwaƙwalwa ke yi. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa a masu wannan ciwo laka tana raguwa da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a shekara, kuma ta fi saurin raguwa a waɗanda ciwonsu ke ci gaba ba tsayawa. A 2022 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka nuna cewa wannan sauri yana farawa ne shekaru kafin likita ya iya cewa ciwon ya shiga matakin ci gaba. Ma'ana, akwai ɓarnar da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa ko da magani ya tsayar da tashin ciwo, kuma yanzu an yarda cewa kaso mai yawa na nakasar da ke taruwa ta wannan hanya take zuwa.

Jin haka sai na ce, "To Likita, a auna mini tawa mana, in san inda nake." Ta yi murmushi, ta ce a nan gizo ke saƙar. Idan aka yanka lakar wuya ta kwance, faɗinta bai wuce murabba'in milimita 70 zuwa 80 ba a mafi yawan manya, don haka kashi 2 cikin ɗari ɗan abu ne da bai kai murabba'in milimita 2 ba. Sauya na'ura, ko ɗan karkata wuya a kan matashi, yana iya kawo bambanci mai kama da wannan. Idan an tara ɗaruruwan mutane kuskuren yakan shafe juna, gaskiya ta fito, amma a kan mutum ɗaya ba a kai ga dogara da shi wajen yanke hukunci ba tukuna. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin ƙwararru na Turai da Arewacin Amurka suka fitar a 2021 sun ce a ɗauki hoton laka lokacin gano ciwon, da kuma lokacin da nakasa ke ƙaruwa ba tare da hoton ƙwaƙwalwa ya bayyana dalili ba, amma ba su mayar da shi abin yi kowace shekara ba.

Na yarda da bayaninta, sai dai ina da 'yar ja a kan yadda ake kambama dacewar kaurin laka da nakasa. Ma'aunin da ake gwada shi da shi, wanda John Kurtzke ya fitar a 1983, yana tashi daga 0 zuwa 10, kuma daga tsakiyarsa zuwa sama kusan tafiya kaɗai yake dubawa: a mataki na 4 mutum yana iya tafiyar mita 500 ba taimako, a na 6 yana buƙatar sanda kafin ya yi mita 100, a na 7 ya koma keken guragu. Tunda ƙafa ake aunawa, ba abin mamaki ba ne laka ta yi fice. Gajiyar da ke kwantar da mutum tun hantsi, da kalmar da ke ɓacewa a tsakiyar magana, waɗannan ma nakasa ce, amma ba su da nauyi sosai a ma'aunin, kuma ba a wuya za a samo su ba. Da na faɗa mata haka ba ta musa ba, ta ce shi ya sa ba ta tsayawa ga ma'auni ɗaya.

Kafin in tashi ta sa na yi tafiya mai tsawon ƙafa 25 tana riƙe da agogo, sannan na zura 'yan sanduna tara a ramukansu na fitar da su da kowane hannu. Za a maimaita bayan wata shida, domin ba a cewa ciwo ya ci gaba sai raunin ya tabbata a awo na biyu, kuma a gwajin tafiyar sai lokacin ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari ake ɗaukarsa da muhimmanci. Idan ya tabbata za mu yi maganar sauya magani. Ta ambaci ocrelizumab, wanda aka amince da shi a Amurka a 2017, da siponimod na 2019, tare da jaddada cewa rage gudun ciwon suke yi, ba sa mayar da jijiyar da ta mutu. A yanzu ta tura ni sashen motsa gaɓoɓi domin a gwada mini takalmin roba mai tallafe idon sawu, ta kuma rubuta a katina cewa duk ranar da za a sake hoton wuyan, a wannan na'urar za a ɗauka, da irin saitin yau.